SHIRKA: ABIN DA MAƘWABTANMU KE NUFI, DA ABIN DA YA SHAFE MU

Karatu: Fitowa 20:1-6, 2 Sarakuna 17:24-41, Markus 12:28-34

 

Akwai wata kalma da yawancinmu muka sha ji, ko a kasuwa, ko a cikin mota, ko daga lasifikar wa'azi da dare. Kalmar ita ce shirka. Wani lokaci a kan boka da ɗan bori ake faɗinta. Wani lokaci Musulmi ne ke faɗa wa junansu. Wani lokaci kuma mu ake nunawa da ita. Yaro yakan dawo daga makaranta ya ce, "Mama, wai mu mushirikai ne?" Sau da yawa uwar ba ta da abin cewa sai, "Rabu da su." Amma yaron bai rabu da tambayar ba, da ita zai girma. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu a 1 Bitrus 3:15 mu zauna da shiri domin mu ba da amsa ga mai tambayarmu dalilin begenmu, mu kuma yi haka da tawali'u da ladabi. Mutum kuwa ba ya amsa tambayar da bai fahimta ba. Saboda haka yau za mu duba abu uku: ma'anar shirka a koyarwar Musulunci, dalilin da ya sa ba mu yarda cewa bin Almasihu shirka ne ba, da kuma wurin da kalman nan take da gaskiya a kanmu.

MA'ANAR KALMAR

Shirka kalmar Larabci ce, tushenta kuwa yana nufin tarayya, wato mutum biyu ko fiye su haɗu a kan mallakar abu guda. Daga tushen nan ne Larabawa suka sami sunan da suke kiran kamfanin ciniki, domin kamfani dukiya ce ta abokan tarayya. A addini, shirka ita ce a ɗauki wani abu da yake hakkin Allah ne shi kaɗai, kamar sujada, ko addu'a, ko yanka, ko dogara, a ba wani rabo a ciki. Mai yin haka shi ne mushiriki. Kishiyarta ita ce tauhidi, wato kaɗaita Allah, wanda shi ne ginshiƙin Musulunci duka, shi ne kuma abin da kalmar shahada ta fara da shi.

Ga wani abu da ya kamata mu lura da shi. Mushiriki ba mutumin da ya ce babu Allah ba ne. Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Makka cewa in aka tambaye su wanda ya halicci sama da ƙasa, Allah za su ce (sura 31, aya 25). Sun san Mahalicci sarai. Laifinsu shi ne sun ajiye waɗansu kusa da shi. Suna da Lata a Ɗa'ifa, da Uzza a kwarin Nakhla, da Manata kusa da bakin teku a hanyar Madina, waɗanda sura ta 53 ta ambaci sunayensu. A cikin Ka'aba kuma akwai gunkin da ake kira Hubal. Hujjarsu, bisa ga sura 39 aya 3, ita ce waɗannan suna kusantar da su ne kawai ga Allah, kamar yadda talaka ke neman bafade ya kai shi gaban sarki. Littattafan hadisi sun ce sa'ad da aka ci Makka a shekara ta 630, gumaka 360 aka tarar kewaye da Ka'aba, aka kuwa farfashe su.

Malaman tafsiri suna da wani labari mai koyarwa game da asalin gumaka. Sura ta 71 ta ambaci sunayen gumaka biyar na mutanen Nuhu. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa sunayen nan na waɗansu mutanen kirki ne da suka rasu. Jama'arsu suka kafa musu alamu domin tunawa. Tsara ta shuɗe, wata ta taso, aka manta dalilin, sai aka shiga yi wa alamun sujada. Wato a ganinsu gunki yakan fara ne daga girmama abin kirki fiye da kima.

NAUYINTA DA KASHE-KASHENTA

A wurin Musulmi babu zunubin da ya kai shirka. Sau biyu a sura ta 4, aya 48 da aya 116, an ce Allah ba ya gafarta ta, amma yakan gafarta abin da bai kai ta ba ga wanda ya ga dama. Malamansu sun bayyana cewa ana nufin wanda ya mutu a cikinta bai tuba ba, gama wanda ya tuba tun yana da rai ana karɓarsa. A sura ta 31 kuma, gargaɗin farko da Luƙmanu ya yi wa ɗansa shi ne ya guji shirka, domin zalunci ce babba. In mun gane wannan, za mu gane cewa maƙwabcin da ya ce mana muna shirka ba kullum zagi yake nufi ba. Wani tsoro yake ji dominmu, yana ganin mun kama hanyar da ba ta ɓullewa.

Malamai sun kasa shirka kashi-kashi. Akwai babba, wadda take fitar da mutum daga Musulunci, kamar yin sujada ga gunki, ko yanka wa aljanu, ko roƙon matattu abin da Allah kaɗai ke bayarwa. Akwai ƙarama, wadda zunubi ce mai nauyi amma ba ta fitar da mutum daga addini, kamar rantsuwa da wanin Allah. A cikinta ake lissafta riya, wato yin ibada domin mutane su gani su yaba. Akwai kuma wadda suke kira ɓoyayya, wadda hadisi ya kwatanta ɓoyuwarta da tafiyar tururuwa. Alƙur'ani ma ya yi zancen mutumin da ya mai da son zuciyarsa abin bautarsa (sura 45, aya 23). Ashe a koyarwarsu shirka ba ta tsaya ga dutse da itace ba, ta kai har cikin zuciya.

Amma kada mu ɗauka bakin Musulmi ɗaya ne a kan inda iyakar take. A ƙasarmu ma an daɗe ana wannan muhawara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara jihadi a 1804, ya zargi sarakunan Hausa na zamaninsa da gauraya Musulunci da yanka ga itatuwa da duwatsu. Shehu al-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana cewa irin waɗannan ayyuka saɓo ne, amma ba su isa a kafirta mai salla ba. Muhammadu Bello ya ba shi amsa, ya kuma adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri. A zamanin baya-bayan nan, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, ta yi wa'azi mai zafi a kan neman albarka a kaburburan waliyyai da kamun ƙafa da shehunai. 'Yan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya kuwa suka ce neman addu'ar bayin Allah ba bauta musu ba ne. Haka nan laya: akwai hadisin da ya kira rataya ta shirka, amma malamai sun saɓa a kan wadda ayoyin Alƙur'ani ne kaɗai a cikinta. Wannan shari'a ba tamu ba ce. Mun kawo ta ne domin mu san cewa tambayar mai zurfi ce, masu ilimi kuma sun yi gumi a kanta.

INA MATSAYIN KIRISTA A GANINSU?

Alƙur'ani ya yi magana a fili a kan koyarwarmu. A sura 4 aya 171 ya hana Ma'abota Littafi ambaton uku. A sura 5 aya 72 da 73 ya kafirta mai cewa Almasihu Allah ne, da mai cewa Allah na uku ne cikin uku. A aya 116 ta surar nan an nuna Allah yana tambayar Isa ko shi ne ya ce mutane su riƙe shi da uwarsa alloli biyu ban da Allah. Sura 6 aya 101 ta ƙi cewa Allah yana da ɗa, da hujjar cewa ba shi da mata. Sura ta 112, wadda kowane yaro Musulmi ya haddace, ta kore haihuwa daga Allah gaba ɗaya.

Duk da haka, Alƙur'anin bai zuba mu a kwando ɗaya da masu gumakan Makka ba. A wurare kamar sura 22 aya 17 da sura 98 aya 1 ya lissafta Ma'abota Littafi daban, mushirikai daban. Ya hana Musulmi auren mace mushirika (sura 2, aya 221), amma ya halatta masa auren mace daga Ma'abota Littafi da cin abincinsu (sura 5, aya 5). Saboda haka malamai da yawa sukan ce akwai shirka a cikin aƙidar Kirista, amma a shari'a hukuncinsa ba irin na mai bautar gunki ba ne. Yana da kyau mu san wannan, domin mu yi magana da sani.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA CE

Yanzu bari mu buɗe namu Littafin. Doka ta fari cikin Dokoki Goma ta hana mu samun wani abin bauta tare da Ubangiji. Ta biyu ta hana sassaƙa siffa domin sujada. Maimaitawar Shari'a 6:4, wadda Yahudawa ke karantawa safe da yamma har wa yau, ta shaida cewa Ubangiji ɗaya ne. Annabi Ishaya a sura 44 ya yi wa mai gunki ba'a: mutum ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, sauran rabin kuma ya sassaƙa ya durƙusa masa yana roƙon ceto. Sa'ad da malamin Attaura ya tambayi Yesu doka mafi girma, da shaidar kaɗaitakar Allah ya fara amsa (Markus 12:29). Bulus ya nanata ta a 1 Korantiyawa 8:4-6 da 1 Timoti 2:5, Yakubu kuma a sura 2 aya 19. Shaidar bangaskiya da aka tsara a Nikiya a shekara ta 325, wadda ikkilisiyoyi da yawa ke karantawa ran Lahadi, da Allah ɗaya ta fara.

Kakanninmu cikin bangaskiya sun biya wannan shaida da jininsu. A daular Roma ba a hana kowa allahnsa ba. Abin da ake nema kawai shi ne mutum ya ƙara da ɗan turare a gaban siffar Kaisar. Wato tarayya ake nema, a ba Almasihu nasa a ba Kaisar nasa. Masu bi suka ƙi. Saboda haka aka kashe tsoho Polikab, shugaban ikkilisiyar Simirna, wajen shekara ta 155, da waɗansu da yawa. Arna har suna kiran Kirista marasa allah, domin sun shiga wuraren taronsu ba su ga gunki ba.

To, in haka ne, don me muke yi wa Yesu sujada? A nan ne ya kamata kowane mai bi ya iya buɗe baki.

Da fari, akwai abubuwan da ake jingina mana waɗanda mu ma muna ƙinsu. Ba mu ce alloli uku ne ba. Ba mu ce Maryamu allahiya ce ba. Baiwar Ubangiji ce mai albarka, ita ma ta kira Allah Mai Cetonta (Luka 1:47). Ba mu ce Allah ya yi aure ya haihu kamar mutum ba, wannan saɓo ne a kunnenmu kamar yadda yake a kunnen maƙwabcinmu. Ko a Hausa ma muna cewa ɗan gari, ɗan hanya, ɗan kasuwa, ba wanda ya taɓa tambaya wace ce matar gari. Wannan misali bai bayyana asirin duka ba, amma ya isa ya nuna cewa kalmar ɗa ba lalle ta nufi haihuwa ta jiki ba.

Na biyu, ga abin da muka gaskata. Shirka ita ce a ɗauki abin halitta a ɗaga shi zuwa matsayin Allah, daga ƙasa zuwa sama. Bishara kuwa ta ce Allah ne ya sauko, daga sama zuwa ƙasa. Yahaya ya fara Bishararsa da cewa Kalman Allah yana nan tun fil azal, ba a halicce shi ba, ta wurinsa aka yi kome, shi ne kuma ya ɗauki jiki ya zauna a cikinmu. Kalman Allah ba wani abu ba ne da aka kawo daga waje aka jingina ga Allah. Ba a taɓa yin lokacin da Allah yake bebe ba, ba a kuma taɓa yin lokacin da ba shi da Ruhunsa ba. Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, zatinsu ɗaya ne, ikonsu ɗaya, nufinsu ɗaya. Abokan tarayya a kamfani kowa da aljihunsa, suna iya saɓawa su raba jari. A cikin Allah babu rabo, babu kashi-kashi.

Wannan amsa ba mu muka fara ba da ita ba. Yahaya na Dimashƙu, wanda ya rayu a ƙarƙashin mulkin halifofi ya rasu wajen shekara ta 749, ya rubuta cewa Musulmin zamaninsa suna kiran Kirista masu yi wa Allah abokin tarayya. Amsarsa ita ce Kalma da Ruhu ba su rabuwa da mai su. Wajen shekara ta 781 kuma Timoti, babban shugaban Ikkilisiyar Gabas, ya yi kwana biyu yana tattaunawa da Halifa al-Mahadi a Bagadaza. Ya kawo misalin rana da haskenta da zafinta, ya kuma yi maganarsa da ladabi ƙwarai, aka rabu lafiya. Gaskiya ne Alƙur'ani ya kira Isa kalma daga Allah, amma malaman Musulunci suna fassara wannan da cewa an halicce shi ne da umarnin Allah. Saboda haka kada mu ce musu littafinsu ya koyar da abin da muke koyarwa. Mu faɗi namu a fili, mu bar su su faɗi nasu.

Mu lura kuma da wannan. A cikin Sabon Alkawari, duk bawan Allah da aka so a yi masa sujada ya ƙi da sauri. Bitrus ya ta da Karniliyas (Ayyukan Manzanni 10:26). Bulus da Barnaba suka kyakketa tufafinsu a Listira sa'ad da aka kawo bijimai za a yanka musu (14:14). Mala'ika ya hana Yahaya (Wahayin Yahaya 22:9). Waɗannan mutane sun san doka ta fari tun suna yara. Amma su ɗin nan ne suka durƙusa wa Yesu bayan ya tashi daga matattu, Toma ya kira shi Ubangijinsa da Allahnsa, Yesu kuwa bai hana shi ba. Da Yesu abin halitta ne kawai, da maƙwabtanmu sun yi gaskiya, sujadarmu kuma ta zama babban zunubi. Tambayar duka ta rataya a kan abu guda: wane ne Yesu? Mun gaskata shaidar manzanni, a kanta muke tsaye.

INDA KALMAR TA KAMA MU

'Yan'uwa, da mun tsaya nan da mun tashi da murna cewa mun ci gardama. Amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shirka ba ta cikin shaidar bangaskiyarmu, amma tana iya kwana a ƙarƙashin matashin kanmu.

Mu tuna da karatunmu na 2 Sarakuna 17. Mutanen da Sarkin Assuriya ya zaunar a Samariya ba su ƙi Ubangiji ba. An aiko musu da firist, suka koyi yi masa sujada, suka kuma ci gaba da bauta wa allolin garuruwansu. Haka ma a gindin Dutsen Sina'i, sa'ad da Haruna ya ƙera ɗan maraƙin zinariya, idin da ya yi shela na Ubangiji ne (Fitowa 32:5). A Dutsen Karmel, abin da Iliya ya tuhumi jama'a da shi shi ne raba hankali biyu tsakanin Ubangiji da Ba'al. Yawancin bautar gumakan Isra'ila irin wannan ce: Allah da wani abu. Wannan kuwa ita ce ainihin abin da maƙwabtanmu ke kira shirka. Taura biyu ba ta taunuwa.

Bari mu ambaci abubuwa da sunayensu.

Akwai laya, da guru, da kambu, da abin da aka binne a bakin ƙofa ko a kusurwar gona. Mutum yana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma a ƙarƙashin rigar akwai ɗamara. Yaro ya yi ciwo, an kai shi asibiti, fasto ya yi addu'a, da dare kuma kaka ta zaga wurin boka ko mai duba. Mukan ce ai taimakon kai ne. Ba a hana magani ba, ko na asibiti ko sassaƙe da ganye, gama Allah ne ya halicce su. Amma abin da aka haɗa da yanka, da kiran iskoki, da duba, Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta kira shi abin ƙyama. Sarki Saul da kansa ya kori masu duba daga ƙasar, amma da tsoro ya kama shi sai ya ɓad da kama ya nemi mace mai mabiya a Endor da dare. Ranar tsoro ce take nuna wanda mutum ya dogara gare shi. Masu bi na Afisa sun nuna mana hanya: suka tattaro littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Ba su sayar ba, ba su ba wani ajiya ba.

Akwai kuma abin kirki da aka mai da shi gunki. Allah ne ya umarci Musa ya yi macijin tagulla. Bayan ɗaruruwan shekaru jama'a suka shiga ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Tarihin sarakunan Kano ya ba da labari mai kama da wannan, na wani abu da ake kira Dirki. An ce Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, a kwana a tashi har aka riƙa yanka masa shanu, sai a zamanin Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, aka fasa shi. Zuciyar ɗan Adam iri ɗaya ce ko'ina. Mu ma muna iya mai da Littafi Mai Tsarki laya, mu sa shi ƙarƙashin matashi ba mu karanta ba. Muna iya dogara ga man shafawa, ko ruwa, ko ƙyalle da aka saya a wurin taro, ko hoton wani mai wa'azi da aka manna a mota domin tsari. Yakubu 5:14 ya ce a shafa wa mara lafiya mai cikin sunan Ubangiji, amma aya ta gaba ta nuna cewa Ubangiji ne mai tashe shi. Mu girmama masu hidima, mu yi musu biyayya cikin Ubangiji. Amma wanda ya ce addu'arka ba ta isa sama sai ta hannunsa, ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Matsakanci ɗaya ne.

Akwai dukiya. Bulus ya kira kwaɗayi bautar gumaka kai tsaye a Kolosiyawa 3:5, Ubangiji kuma ya ce bawa ba ya iya bauta wa iyayengiji biyu (Matiyu 6:24). Wanda ya rage mudu, ko ya ci kuɗin baiko, ko ya karɓi hanci ya karkatar da gaskiya, ya riga ya nuna wanda yake tsoro da wanda yake ƙauna.

Akwai riya. A nan koyarwar maƙwabtanmu ta yi kusa ƙwarai da Matiyu sura 6, inda Yesu ya yi gargaɗi a kan sadaka da addu'a da azumi domin idon mutane. Ran bikin godiya, in an kira sunanmu da abin da muka bayar, wa muke so ya ji? In ba za a ambaci suna ba, hannunmu zai kai inda ya kai?

Akwai kuma kabila. In sunan kabilarmu ya fi sunan Almasihu nauyi a zaɓen dattawan ikkilisiya, ko a ranar tashin hankali, to, mun kafa wani bagade kusa da nasa. Annabi Ezekiyel ya ga dattawan Isra'ila zaune a gabansa da ladabi, amma Ubangiji ya nuna masa gumaka a cikin zukatansu (Ezekiyel 14:3).

AKWAI GAFARA

Ga albishir. Manassa Sarkin Yahuza ya kafa gunki a cikin Haikalin Ubangiji, ya miƙa 'ya'yansa hadaya ta wuta, ya yi sha'ani da masu duba. Da aka kai shi Babila a ɗaure ya ƙasƙantar da kansa ya yi roƙo, Allah kuwa ya ji shi (2 Tarihi 33). Bulus ya lissafta masu bautar gumaka cikin waɗanda ba za su gāji Mulkin Allah ba, nan take kuma ya tuna wa Korantiyawa cewa waɗansunsu haka suke a dā, amma an wanke su (1 Korantiyawa 6:9-11). Gafarar nan ba a kan ƙoƙarinmu take tsaye ba, a kan jinin Almasihu take. Saboda haka wanda yake da wani abu a ɓoye kada kunya ta hana shi. Ya je wurin fasto ko dattijon da ya amince da shi, a yi addu'a tare, a ƙone abin. Yau ce ranar, gama ba wanda ya san gobe.

Sa'an nan, in maƙwabci ya sake ce mana muna shirka, kada mu yi fushi, kada kuma mu rama da zagin abin da yake girmamawa. Mu ce masa, "Malam, mun gode da ka damu da lahirarmu. Mu ma mun gaskata Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya. In kana da lokaci, zauna mu gaya maka abin da muke nufi sa'ad da muka kira Yesu Kalman Allah." Wataƙila ba zai yarda ba. Sauya zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Amma zai duba rayuwarmu. In ya gan mu a layin boka ɗaya da kowa, duk bayaninmu ya zube. In kuwa ya ga ciwo ya zo, fatara ta zo, barazana ta zo, ba mu nemi kowa ba sai Allah, wannan wa'azi ne da ba ya bukatar lasifika.

Iyaye, ku koya wa 'ya'yanku waɗannan abubuwa tun suna ƙanana. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata da ta matasa, ku ɗauki ayoyin nan ku bi su ɗaya ɗaya. Manzo Yahaya ya rufe wasiƙarsa ta fari da gargaɗi a kan gumaka, masu bi kuwa yake rubuta wa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin sama da ƙasa, kai kaɗai ne Allah, babu wani sai kai. Mun gode domin ka bayyana kanka gare mu ta wurin Kalmanka Yesu Almasihu. Ka bincike zukatanmu da gidajenmu ta wurin Ruhunka, ka tumɓuke duk abin da yake neman raba ɗaukaka da kai. Ka ba mu hikima da tawali'u sa'ad da ake tambayarmu. Ka sa wa maƙwabtanmu albarka, ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.